Furannin Rumaisa da Gayyar Misbahu

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika ta batse. Misbahu ya sayar da albasarsa tun kafin azahar, yana yawon neman tiyon injin ban-ruwa, sai ya hangi wata yarinya zaune a inuwar shagon wani tela, da bokiti biyu a gabanta. Cikin bokitan ruwa ne, cikin ruwan kuma furanni, ja da fari da ruwan ƙwai, an ɗaure su dami-dami da zare.

Ya ja ya tsaya. Shi dai har gobe cewa yake furannin ne suka tsayar da shi, amma duk wanda ya san manomin albasa ya san ba haka ba ne.

Suka gaisa, doguwar gaisuwa irin tamu, ya tambayi gida da gajiya da kasuwa, har da sanyin bana. Da gaisuwa ta ƙare sai ya nuna bokiti.

"Wanga maganin mi ne?"

Ta ɗago ta dube shi. "Kai ma? Tun safe tambayar ke nan. Ba maganin komai ba ne."

"To a miya ake sa shi?"

"Ba a ci. Kallo ake yi, a shaƙi ƙamshi."

"Sannan?"

"Sannan ya bushe a zubar."

Misbahu ya juya maganar a ransa bai ga kanta ba, amma ya ga haƙoran mai maganar lokacin da ta yi dariya. Ya sayi dami biyu, ya tambayi sunanta, ta ce Rumaisa. Ya ɗaure furannin a bayan babur ya kama hanyar Kaya, ya manta da tiyon da ya kawo shi.

A gida mahaifiyarsa, Inna Kyauta, ta jujjuya damin ta ajiye a bakin rijiya. Kafin ya gama alwala akuya ta cinye tas. Inna ta ce to ko banza wani ya amfana.

Talata ta gaba ya koma. Ta gaban ta ma haka. A zuwa na uku ya samo lambar waya, da yamma kuwa saƙo ya shiga wayar Rumaisa:

"Mai Fulawa, akuyar Inna ta ce a gaishe ki. Ta ce mai ruwan ƙwan ya fi daɗi."

Amsa ba ta daɗe ba:

"Ɗan Kaya, ka gaya mata ta riƙa zuwa da kanta. Da alama ta fi ka sanin abu mai kyau."

"Ai ni ma na san abu mai kyau. Shi ya sa ba na fashin Talata."

Ba ta amsa wannan ba, amma ta karanta shi ya fi a ƙirga.

Rumaisa ƴar Malam Shehu ce, manomin rani da ke da lambu a bakin magudanar ruwa, kan hanyar Bakura. Ta yi karatu a kwalejin noma, ta dawo gida da wani buri da babu wanda ya aike ta: tana son buɗe shagon ɗanyen fure a Mafara. Ƙawarta Christiana, ma'aikaciyar jinya da iyayenta suka zo daga Jos, ita ta fara kawo mata iri a ƙulle cikin leda. Rumaisa ta shuka a tsofaffin bokitai da buhunan siminti a bayan ɗakinta, abu ya yi kyau. Masu saye kaɗan ne, yawanci ma'aikata da matan coci, sai amare masu son hoto. Amma abin da bokiti ke bayarwa ba ya cika shago. Ƙasa take buƙata, mai ruwa.

Ta yi ta bin mahaifinta har ya gaji. Ya yanka mata fangali huɗu a ƙarshen lambu, wato ƴan gadajen nan da ake kewayewa da kunya don su riƙe ruwa, ya kuma kafa mata sharaɗi.

"Aro na ba ki, na rani guda. In kin hidda abin kirki, mu gani. In ba ki hidda ba, albasa za ta koma wurinta, ke kuma ki bar wagga magana har abada."

Malam Shehu ba mugu ba ne. Mutum ne da ya ga tsadar abinci, ya ga gonakin nesa da mutane suka daina zuwa saboda tsoro, don haka a wurinsa shuka abin da ba a ci a ƙasa mai ruwa kusan saɓo ne. Rumaisa ta karɓi sharaɗin. Christiana za ta yi aure bayan sabuwar shekara, ta kuma ce duk furen bikinta daga hannun Rumaisa zai fito. Wannan biki shi ne zai nuna wa gari, da Baba, ko sana'a ce ko shirme. Rumaisa ta watsa duk irin da take da shi a fangali huɗun nan, ba ta rage ko ƙwaya ba.

Ana cikin haka Misbahu ya fara zuwa zance. Rana ɗaya Malam Shehu ya aika a kira shi zaure.

"Kai ne ke saye mata wanga haki kowace Talata?"

"Ni ne, Baba."

"Ashe kai ne mai zuga ta. Manomi da hankalinai ba ya sayen abin da ba a ci. Tashi ka ba ni wuri, kuma kada in ƙara ganin baburinka ƙohwar gidana."

Dalilin korar bai tsaya a nan ba. Akwai Abdulbasit, ɗan abokin Malam Shehu, mai shagon kayan ado a Gusau. Fulawar roba yake sayarwa, wadda ba ta son ruwa ba ta bushewa. Ya riga ya gaya wa tsohon cewa in aka ba shi Rumaisa zai zaunar da ita a shago ƙarƙashin fanka, ta huta da taɓo. Malam Shehu ya ga wannan shi ne maganin abin duka.

Da yamma Misbahu ya tura saƙo:

"Mai Fulawa, Baba ya kore ni kamar ɓarawon kaji. Amma ban yi fushi ba. Wanda ya haife ki ya isa ya kore ni."

"Ka yi haƙuri, Ɗan Kaya. Bari furannina su fito a lambunsa, shi da kansa zai sauko. Kullum da safe ina zuwa in duba su, ji nake kamar in kwana a can."

"Allah ya nuna mini ranar da za a duba ni haka."

"Kai ai ba ka buƙatar ban-ruwa."

Shi kuwa haƙuri ba halinsa ba ne. Ya kai kukansa wurin amininsa Tijjani, wanda bai taɓa rasa shawara ba, mai kyau ko akasinta.

"Tsoho irin wanga ba a shawo kanai da baki," in ji Tijjani, "sai da hauya. Mu kai mashi gayya. Haka kakanninmu sunka auri kakanninmu."

Gaskiya ne, al'ada ce. Saurayi kan tara abokansa su je gonar surukin da yake nema, su yi masa aikin da zai ci kwanaki a wuni ɗaya, mai gona kuma ya ciyar da su. Misbahu ya ji shawarar ta zauna masa. Bai gaya wa Rumaisa ba, wai yana son ya ba ta mamaki. Ya kuwa ba ta.

Ranar Asabar da hantsi Malam Shehu yana duƙe cikin albasarsa da haki ya fara cinyewa, sai ga babura a jere, samarin Kaya da na Tsibiri kowa da ƙaramar hauya, wani ma ya rataye rediyo a kafaɗa. Suka zube suka gaishe shi. Tsohon ya so ya ɗaure fuska, amma wa ke korar gayya? Ya dubi hakin, ya dubi bayansa da ke ciwo, ya ce Allah ya yi albarka. Ya hau kekensa ya nufi gida don a ɗora tukunya.

Kafin a fara Misbahu ya ɗaga murya. "Ku ji, akwai fulawar Rumaisa cikin lambun nan. Duk inda kunka ga fulawa, ku kewaye."

Kowa ya ce ya ji. Aka shiga aiki ana waƙa ana tsere, don kowa na son ya koma gida da sauran rana, yanzu ba mai son magariba ta riske shi a hanya. Suka cinye lambun fangali bayan fangali, kowa na baza ido ya ga ja ko ruwan ƙwai. Babu. Da suka isa ƙarshe sai ga fangali huɗu, kore shar, babu albasa ko ɗaya a ciki, sai wasu ƴan tsirrai da ba su wuce tafin hannu ba.

Tijjani ya ɗan tsaya. "Anya wanga haki ne? Ya yi kyau da yawa."

Misbahu ya tsinko ganye ɗaya ya murza ya kai hanci, ya yamutsa fuska. "Ji wari! Wa zai shuka wanga? Fulawar Rumaisa ƙamshi take, ni na sani, ni ke saye. Tata tana can ƙetaren ruwa wataƙila. Nan tsoho ne ƙarfinsa bai kai ba. Ku zo mu gyara mashi har ya rasa bakin godiya."

Kaico. Mutumin da ya san fure a bokiti kawai, bai taɓa ganin sa yana jariri ba. Shi ya fara sa hauya, kuma babu wanda ya kai shi ƙwazo. Suka tuge, suka kaftu ƙasar, suka tara tsirran a kan kunya rana na dukan su, har suka daidaita wurin da bayan hauya.

Da azahar Malam Shehu ya dawo, Rumaisa na biye da shi ɗauke da ƙwaryar fura. Tun a gida ta ji ko gayyar wane ne, ta sa sabon mayafi, tana tafe tana ɓoye murmushi. Misbahu ya taso da sauri, gumi har gira, yana jiran yabo.

Ta wuce shi. Ta je ƙarshen lambu ta tsaya. Ta sauke ƙwaryar a hankali don kada fura ta zube, ta tsuguna ta ɗauki tsiro ɗaya da ya riga ya yi laushi.

"Wa ya yi wannan?"

Mai rediyo ya kashe rediyonsa.

"Mai Fulawa," in ji Misbahu, "ai babu fulawa a nan."

"Ba su isa yin fure ba, Misbahu. Ba su isa ba."

Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Hawaye dai suka zubo, ta share da sabon mayafin, ta juya ta kama hanyar gida a ƙasa. Misbahu ya ji da ma ƙasar da ya kafta ta buɗe ya shige. Garin neman gira ya rasa ido.

Malam Shehu kuwa faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Ya zagaya fangalin huɗu yana gyaɗa kai.

"Kai, wanga aiki ya yi! Allah ya raba gardama ba da hannuna ba." Ya dafa kafaɗar Misbahu. "Ashe na zalunce ka, yaro. Kai manomi ne ɗan manomi. Ka turo magabatanka."

Ka ji yadda duniya take. Abin da ya yi ta nema ya samu a rana ɗaya, kuma a ranar ya rasa wadda ake neman dominta. Kafin mako ya zagayo Malam Shehu ya dasa albasa a wurin.

Misbahu ya yi ta tura saƙo.

"Rumaisa, wallahi rashin sani ne. Ki yafe mini."

"Mai Fulawa, ko zagi ne ki turo, zan karɓa."

"Yau Talata, na zo bakin shagon tela ban gan ki ba. Tela ya ce in daina tare masa haske."

Sai daga baya amsa ɗaya ta zo:

"Na san ba da gangan ka yi ba. Amma Baba ya karɓe filinsa, iri ya ƙare, bikin Christiana ya matso. Ka samu yardar Baba, sai ka aure shi."

Bai turo magabata ba. Malam Shehu ya aika ya ji lafiya, Misbahu ya zo ya durƙusa ya roƙi a mayar mata da fangalinta. Tsohon ya ce alkawari rani guda aka yi, kuma ya cika nasa, ba shi ya sa hauya ba.

Abdulbasit da ya ji labari bai yi sanya ba. Ya zo daga Gusau da mota cike da fulawar roba, ya ce ya zo fitar da Rumaisa kunya. Ba ta da zaɓi. Ta je ta gaya wa Christiana gaskiya, Christiana ta rungume ta ta ce aure ba ya fasuwa don fure. Aka ƙawata holin liyafa da roba tun daga ƙofa har kujerar amarya. Abin da ya rage a bokitan bayan ɗaki Rumaisa ta tsinke duka, ya ba da dami ɗaya tak, shi amarya ta riƙe a hannu. Mata suka yi ta karɓa suna sunsunawa suna tambayar inda ake samu. Rumaisa ta ce babu, ya ƙare. Wannan kalma ta fi komai yi mata ciwo a ranar.

A hanyar mayar da ita gida Abdulbasit ya rage gudun mota ya gyara murya.

"Kin gani ko, Rumaisa? Tawa gobe zan kwashe in wanke in kai wani bikin. Taki kuwa jibi shara ce. Ki zo mu haɗa kai, ke da shago sai dai ki miƙe ƙafa."

"A gidanka akwai inda zan yi shuka?"

Ya yi dariya. "Duk na shafe shi da siminti. Me matata za ta yi da ƙasa?"

"To sauke ni a nan, na gode da taimako. Allah ya ba ka wadda ta dace da kai."

Tijjani ya gan ta a cikin motar, bai ga saukarta ba, ya kai wa Misbahu rabin labari da zafinsa. Misbahu ya wuni bai ci abinci ba. Washegari da sassafe ya ɗauki hauya ya tafi filin da ya gada daga mahaifinsa, ya zaɓi ɓangaren da ya fi kusa da ruwa, ya shiga tuge albasarsa, albasar da ba ta ko yi kai ba, sai lawashi. Maƙwabtan gona suka taru suna kallo. Inna Kyauta ta zo da gudu ba ko takalmi.

"Misbahu! Aljanu sunka shige ka? Can ka tuge na mutane, nan ka tuge naka?"

"Inna, abin da na ɓata nake biya."

"Da abincinmu?"

"Rabi ne, Inna. Rabin da ya rage zai riƙe mu, in sha Allahu."

Ta yi ta faɗa har ta gaji, ta tattara lawashin ta tafi da shi, tana cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada, ita dai ba ta ga kasuwar tokar ba tukuna.

Daga nan ya nufi asibiti ya jira Christiana ta fito. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai gayyar?" Ya sunkuyar da kai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta gaya masa yadda aka yi da Abdulbasit, ta kuma buga wa ƙanwar mahaifiyarta waya a Jos a sako iri a mota.

Ranar da irin ya iso ya tsaya a ƙofar gidan Malam Shehu, wanda yanzu ba ya korar sa, ya aika a yi sallama da Rumaisa. Ta daɗe kafin ta fito. Ta rame. Ta tsaya nesa da tabarmar.

Ya miƙa mata ledar. "Ga iri. Fili kuma na gyara, ya fi fangali huɗu nesa ba kusa ba, ruwa na bin gefensa. Ni ba zan sake sa hannu a abin da ban sani ba. Ki zo ki shuka."

Ta buɗe ledar ta zuba kaɗan a tafin hannu ta daɗe tana kallo. Ya ga tana so. Amma ta mayar ta ƙulle.

"Filin wa?"

"Nawa. Ai nawa naki ne."

"Haka ake cewa kafin aure. Baba ma da ya haife ni aro ya ba ni, rana ɗaya ya karɓe. Kai ma shekarar da albasa ta yi tsada, ko ranar da na ɓata maka rai, ko Inna ta matsa, za ka ce a bar wasa a shuka abinci. Kuma ba za ka yi laifi ba, filinka ne. Na gaji da shuka a ƙasar aro, Misbahu. Ban iya sake tsayawa in ga an tuge."

Rantsuwa ta zo masa baki ya haɗiye, don ya san rantsuwa ba ta riƙe ƙasa. Can ya ɗago.

"To in ya zama ba nawa ba fa?"

"Kamar yaya?"

"Mi ake ba mace wanda miji ba ya da iko da shi, uba ma ba ya da?"

Ta dube shi. Ta gane, don ita ma ta yi Islamiyya. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Kana nufin sadaki?"

"Shi."

"Gadon mahaifinka ne fa, Ɗan Kaya."

Rabon da ya ji wannan suna har ya manta daɗinsa. Ya ce, "Da ya ga abin da na yi ma lambun surukina, da kansa zai ce in bayar."

Ta yi dariya, ta farko tun ranar gayya, hawaye na biye da ita. "In dai a gaban shaidu ne, na yarda."

Da yamma ya tura mata:

"Mai Fulawa, yau na ci tuwo malmala biyu. Inna ta ce ko aljanun sun sauka."

"Ka gaishe ta. Ka ce mata surukarta za ta riƙa sayen albasa a hannunta."

Magabata suka zo daga Kaya. Da aka kai maganar sadaki kawun Misbahu ya ce fili ne, mai ruwa, ya faɗi iyakokinsa. Malam Shehu ya washe baki, ya fara lissafin buhunan albasa a zuci. Sai can ya lura da yadda kawun ke kauce wa idonsa, murmushin ya tsaya.

"Tsaya. Mi za a shuka ciki?"

"Wannan sai mai shi," in ji kawun.

Tsohon ya ce ba a saba ba, a kawo abin da kowa ke kawowa. Aka tambayi liman, liman ya ce duk abin da ke da daraja kuma halal ne ya isa sadaki, in dai yarinya ta yarda. Malam Shehu ya san haka tun kafin a haifi liman ɗin, abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan. Ya yi kwanaki yana gunaguni shi kaɗai. Rumaisa dai tana kai masa ruwan alwala kamar kullum. Zuciyarta kuwa a rataye take, don shi ne waliyyi, in ya ƙi a gaban jama'a magana ta mutu.

Aka sa rana bayan an kwashe albasa. Ƙofar gida ta cika, mutanen Kaya da na Bakura da na Maradun, Christiana da mijinta suna cikin gida tare da mata. Rumaisa na ƙuryar ɗaki cikin lulluɓi, an buɗe taga kaɗan don a ji lasifika.

Wakilin ango ya nema, ya ambaci sadaki da iyakokinsa. Aka juya ga Malam Shehu. Sai ya miƙa hannu ya karɓi makirufo, abin da ba a saba gani ba.

"Jama'a, ku shaida. Ni ban son wagga sana'a, kuma ba yau zan hwara son ta ba. Amma sadaki haƙƙin mace ne. Wanga hili daga yau na ɗiyata ne. Ko ƙaya tas shuka ciki, ni ban da ta cewa." Ya juya ya nuna Misbahu da yatsa. "Kai ma ba ka da. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

"To na ba ka."

Aka shafa fatiha, guɗa ta tashi daga cikin gida. Christiana ta ɗaga lulluɓin don ta yi wa amarya tsiya, sai ta same ta tana kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba ranar da aka tuge mata shuka.

"Yau kuma kukan na mene ne?"

"Kin ji abin da Baba ya ce? A gaban kowa ya ce nawa ne."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya sa albarka a ƙasar Rumaisa da duk abin da ta ga dama ta shuka a cikinta. Amin.